Kalsiyam Ga Murjani a Garwa: Kalkwasa Ko Gora Biyu?

Mai kiwon murjani a akwatin gilashi a nan Garwa, nesa da tekun Kiribi da ke kudancin Kamaru, dole ya riƙa mayar da kalsiyam ɗin da murjani ke zuƙa yana gina ƙashinsa. Ruwan teku na ɗauke da kusan miligiram 420 a kowace lita, shi ake son kamowa.

Hanya ta farko kalkwasa ce, wato garin kalsiyam haidroksaid da ake jiƙawa a tataccen ruwa, a ɗiga shi a madadin ruwan da ya bi iska. Na fi son ta a garinmu, don zafin Maris da Afrilu na ƙafar da ruwa sosai, kalsiyam da alkali (sinadarin da ke hana ruwa yin tsami) kuwa tare suke shiga. Sai dai kaifinta ya wuce 12 a pH, ma'aunin tsami da kaifin ruwa. Ka kwarara ta gaba ɗaya, kifi da murjani su wahala. Da dare ake ɗiga ta, sannu a hankali.

Hanya ta biyu kuwa gora biyu ce, kalsiyam kulorayid daban, bikarbonat daban, ba a haɗa su wuri guda. Ta fi biyan buƙatar akwatin da murjani ya cika, amma tana ƙara gishiri a hankali, sai ana aunawa kowane mako.