Katin bashi da sayen gida a Amurka: tauraro 3 na ba shi

Bana muka sayi gida a Columbus, jihar Ohio. Na ɗauka katin bashina zai cike mini giɓin kuɗin kafin alƙalami, ashe na yi kuskuren lissafi. Masu ba da rancen gida suka ce sam, sai kuɗin da ke asusuna, har takardun banki na wata 2 suka bincika. Inda katin ya yi mini rana shi ne biyan mai duba lafiyar gidan, nan take aka wuce wurin.

Sai na je na kwaso firji da kujeru da katin, saura mako 2 a sa hannu. Makin bashina, wato makin da ake auna amincin mutum wajen biyan bashi da shi, ya faɗi, ma'aikaciyar masu ba da rancen ta kira ni da sassafe, na rasa ta cewa. Sai da na biya bashin katin kaf kafin muka karɓi makulli. Har yau uwargida na yi mini tsiyar firjin nan.