Shekarar share fage ko sake zana jarrabawa?

Ɗaliban da makinsu bai kai na shiga jami'a ba suna yawan tambayata wanne za su zaɓa: sake zana jarrabawar, ko share fage, wato shekarar karatun shiri kafin a fara digiri.

Ta fuskar kuɗi, sake jarrabawa ya fi araha nesa ba kusa ba, sai dai babu tabbacin gurbi. Share fage kuwa kuɗin shekara guda ne cur, digirin shekara 3 ya koma 4. Abin da ke burge ni da shi, ɗalibi yana koyon rubutun bincike tun kafin aji ɗaya, kuma idan ya ci, yawanci gurbinsa na jiransa. Amma wata jami'ar ba lallai ta karɓi sakamakon ba.

Wanda darasi ɗaya ya kayar, ya sake zanawa. Wanda ya daɗe rabonsa da aji, ko zai sauya fanni, share fage ya fi dacewa da shi.