Shagon zaren da na koyi saƙar biriyosh a Katsina

A wani lungu da ba shi da nisa da Ƙofar Ƙaura akwai ƙaramin shagon zaren ulu da kayan saƙa, kuma a ɗakin da ke bayansa mai shagon take koyar da mata ranakun Asabar da Lahadi bayan la'asar. Na yi wata uku ina zuwa, daga ƙarshen damina har hunturu ya kankama, domin in koyi saƙar da ake kira biriyosh, wadda na daɗe ina gani a hotunan intanet ina sha'awa amma na kasa gane kanta ni kaɗai.

Sunan na Faransanci ne, kuma asalinsa sunan wani burodi ne mai taushi da ake kwaɓawa da ƙwai da man shanu. Saƙar kanta tana fitowa da kauri da laushi, layi-layi kamar kunyoyin gona, tana miƙewa ta koma, kuma ba ta da gaba ko baya, domin kowace fuska ana iya fitar da ita. Idan an yi ta da launi biyu, launin da ya hau saman kunya a wannan fuskar shi ne yake kwanciya cikin kwari a ɗaya fuskar. Ga mafila ko hula a sanyin Disamba da Janairu na garin nan, ban ga wadda ta kai ta riƙe ɗumi ba.

Abin da ya fi kai ni ga yabon wannan wuri shi ne yadda Malama take fassara aikin. A biriyosh, rabin idanun, wato madaukan zaren da ke kan tsinke, kawai ake saƙawa a kowane layi. Sauran rabin ana zame su ne zuwa ɗaya tsinken ba tare da an saƙa ba, a ratayo musu zare ta sama, sai a layi na gaba a haɗa idon da zaren da aka rataya masa a saƙa su tare a matsayin ido ɗaya. Na sha kallon wannan a bidiyo ina rikicewa wajen ƙirga, domin idanun sukan yi kamar sun ƙaru. Ranar farko Malama ta karɓi tsinkena, ta nuna mini ido ɗaya da zaren da ya haye shi, ta ce, "Ƙanwata, wannan uwa ce da goyonta, kada ki ƙirga su biyu, kada kuma ki raba su." Daga nan na fara ganin saƙar da idona, ina gane wanda ke da goyo da wanda ba shi da shi, maimakon haddar umarnin da ke rubuce. Ta kuma koya mana gajerun alamomin da ake samu a takardun tsarin saƙa, wato brk (a saƙa ido da goyonsa tare ta gaba) da brp (a saƙa su tare ta baya) da sl1yo (a zame ido ɗaya a rataya masa zare), waɗanda suka yaɗu ta hannun Nancy Marchant, Ba'amurkiya mazauniyar Amstadam a ƙasar Holan, kuma ba ta bar mu mun taɓa launi biyu ba sai da kowacce ta saƙa tsawon taƙi guda da launi ɗaya babu kuskure.

Launi biyu shi ne inda hankali yake rabuwa. Kowane layi sau biyu ake bin sa: a bi da zare mai haske, a tura idanun su koma bakin da aka faro ba tare da an juya aikin ba, a sake bi da zare mai duhu, sannan a juya. Shi ya sa tsinke mai kai ɗaya ba ya yi, dole sai mai baki biyu, irin wanda igiyar roba ta haɗa. A nan ne kuma matsalata ta gaskiya ta fito, domin lokacin da na shiga ajin ina da ayyuka huɗu a hannu: shawul na jaririn da ƙanwata take jira, suwaitar makaranta ta ɗana wadda saura hannu ɗaya, hular maigida, da safar da nake yi da kwarashi. Idan na ajiye biriyosh kwana uku na koma kan shawul, sai in dawo ban san zaren da ke da layi ba.

Na zaci za ta ce in ajiye komai sai na gama ɗaya. Ba ta ce haka ba, domin ta san ranar suna ba ta jiran kowa, makaranta ma haka. Ta sa na raba ayyukan gida biyu: wanda ke bukatar natsuwa, a yi shi da safe cikin hasken rana kafin gida ya cika, da wanda hannu ke yi da kansa ana hira ko ana cikin mota zuwa Daura. Kowane aiki ya samu jakarsa, da tsinkensa da ba a ara wa wani, da ƙaramin kati mai ɗauke da lambar tsinke da layin da aka tsaya. Ta kuma nuna mini alamar da ta fi katin amfani: idan zarurrukan biyu suna rataye a gefe ɗaya, layin ya cika, a juya a fara da mai haske, idan ɗaya yana dama ɗaya yana hagu, mai duhu bai yi nasa ba, a tura idanun baya. Wannan darasin kaɗai ya biya mini kuɗin ajin. Haka nan ta tilasta mana zura siririn zaren auduga da allura marar tsini cikin dukkan idanu, har da goyon, bayan kowane layi goma, saboda idan ido ya suɓuce a biriyosh yakan tafi da goyonsa, kuma ɗauko shi ya fi na saƙar yau da kullum wuya nesa ba kusa ba. Sau biyu na warware aikin har zuwa wannan zaren, na mayar da idanun kan tsinke ba tare da na rasa ko ɗaya ba.

Sai dai ɓangaren kayan sayarwa bai kai koyarwar ba, kuma ina faɗin haka ne da son wurin ya gyaru. Biriyosh tana cin zare fiye da saƙar da muka saba sosai, amma ba a gargaɗe ni ba lokacin da na sayi dunƙule biyu masu giram 100 na shuɗi domin mafila. Da suka ƙare na koma, sai na tarar sabon kaya ya zo da wata lambar rini daban a jikin takardarsa, kuma bambancin yana bayyana ƙarara da rana. Wanda yake sayar da zare kuma yake koyar da wannan saƙa ya kamata ya ce wa ɗaliba ta sayi abin da zai ishe ta a tashi ɗaya. Zaren ma kusan duka na roba ne, wato akirilik, wanda yake da sauƙin wanki da sauƙin kuɗi amma yana da santsi, ga shi kunyoyin ba sa tsayawa da kyau kamar na gashin tumaki. Tsinkayen masu igiya kuwa, mahaɗar ƙarfen da robar tana da kaushi a wasunsu, tana kama zaren goyo duk lokacin da aka tura idanu, kuma masu kaurin milimita 4 da 5 kawai nake samu, alhali saƙar tana son tsinke ƙarami kaɗan fiye da wanda aka rubuta a jikin zare don kada ta saki. Na milimita 3.5 sai daga Kano aka sayo mini. Ɗakin koyon ba ya ɗaukar fiye da mutum takwas cikin walwala, kuma idan aka ɗauke wuta dab da magariba, mai riƙe da zare mai duhu sai ta haƙura.

Wadda ba ta taɓa riƙe tsinke ba, ina ganin ta fara da ajin masu farawa, wanda shi ma ana yi a nan. Wadda ta iya saƙar gaba da baya kuma tana son biriyosh, ta je da tsinkenta mai santsin mahaɗa, ta sayi zarenta duka rana ɗaya, ta zaɓi launuka biyu masu nisa da juna domin ta riƙa ganin kuskure da wuri. Shawul ɗin ya isa gidan ƙanwata ana gobe suna. Mafilar kuma na ƙarasa ta da sabon shuɗin, na raba shi daidai a bakunan biyu bisa shawarar Malama, bayan na ɗauko idanu daga gefen da na faro, kuma mahaifina yake ɗaurawa zuwa sallar asuba tun farkon Janairu.