Madubin kamfani mai dogon wuya ko ƙaramin nan na kwalliya?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaye ni wane madubi za ka saya wa mashin ɗinka tunda naka ya karye. Tsakanin madubin kamfani mai dogon wuya da ƙaramin nan mai zagaye da samari ke ɗaurawa a bakin kan mashin, sayi na kamfani. Duka biyun na hau titi da su. Ɗaya har yau yana kan mashin ɗina, ɗayan kuwa yana cikin kwalin tarkace a soro.

Ranar da na sayi Boxer ɗina a 2017, bakaniken da ya haɗa shi ko tambayata bai yi ba, ya ajiye maduban a gefe, don ya saba kowa cewa yake a cire. Yayana ne ya hana. Shi ya daɗe yana acaɓa kafin gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a farkon 2013, kuma ya kai abokan sana'arsa asibiti ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ya tsaya a kan bakaniken sai da ya ɗaura su, ya sa na hau na zauna, ya gyara mini su da hannunsa. A lokacin na ɗauka tsohon yayi ne kawai.

Wata Juma'a cikin hunturu na ɗauko Inna zan kai ta gida ta hanyar Wudil. Wanda ya san hanyar ya san ranar kasuwa ce, manyan motocin shanu suna ta kai da kawo, ga hazo ya rufe gari. Iska tana kaɗa mini kunne cikin hular kwano, ban ji ƙarar komai a bayana ba. Sai ga wani rami a gabana, irin wanda kwalta ta zaizaye ta bar baki kamar wuƙa. Hannuna har ya fara karkata hagu zan kauce masa, idona ya faɗa kan madubi, na ga kan wata babbar mota ya cika gilashin, direban ya riga ya fito zai wuce ni. Na saki totur, na taka birki, na gangara gefen dama kan jar ƙasa. Motar ta wuce, iskarta ta ɗaga mayafin Inna, ƙahonnin shanu suna leƙowa ta saman katako. Inna ba ta ma san abin da ya faru ba, sai cewa ta yi, "Lafiya ka sauka daga titi?" Na ce lafiya lau, Inna. Na daɗe a tsaye kafin hannuna ya daina rawa. Tun daga ranar, kowace safiya sai na goge maduban nan da gefen rigata kafin na tayar da mashin.

Abin da ya sa na ga motar ba wani sirri ba ne. Wuyan madubin dogo ne, ya ɗaga shi sama ya fitar da shi waje, saboda haka kallonsa ya tsallake gwiwar hannuna da kafaɗar wanda ke baya. Yana kusa da inda ido yake kallo dama, ƙiftawa ɗaya ka gani ka dawo kan hanya. Gilashinsa yana da faɗi, tudunsa kaɗan ne, ya ɗebo maka titi da yawa ba tare da ya mayar da tirela kamar kwalin ashana ba. Kuma ƙarfensa yana da nauyi, ko mashin yana gudu hoton ba ya narkewa.

Na kwalliyar kuwa, na saye shi lokacin da mashin ya faɗi a wajen ajiya na hagu ya fashe. Mako uku ya yi a wurina. Gaskiya ɗaya zan faɗa masa: da yake a bakin kan mashin yake, hannu ba ya tare shi. Daga nan ban ga wani alherinsa ba. Sai ka sunkuyar da kai kafin ka gan shi, girgizar inji tana sa komai ya zama biyu-biyu, a cunkoso kuma shi ne farkon abin da ke gogar jikin adaidaita sahu. Mafi muni, tudun gilashinsa ya yi yawa, motar da ke daf da kai sai ka gan ta can nesa 'yar mitsitsiya. Yi lissafi da kanka: kana tafiyar kilomita 60 a awa, mota tana zuwa a 100, cikin kowace daƙiƙa tana cinye mita 11 daga tazarar da ke tsakaninku. Madubin da zai yi maka ƙarya a kan nisa bai dace da babbar hanya ba.

Amma kada ka ɗauka da ka sayi na kamfani shi ke nan. Akwai wurin da babu madubin da yake nuna shi: gefenka, ɗan baya da kafaɗa, ta hagu da ta dama. Abin hawa yana fita daga cikin gilashi kafin gefen idonka ya kama shi, kuma wannan gurbin yana iya ɓoye mashin sukutum, wani lokaci har ƙaramar mota. Hular kwano mai rufe fuska tana ƙara rage abin da gefen ido ke gani. Ka gwada a ƙofar gida. Zauna a kan mashin kana kallon gaba, ka sa ƙaninka ya tsaya can baya, ya taho a hankali ta gefenka kamar zai wuce. Ka lura da inda ya ɓace maka daga madubi, da inda ya sake bayyana a gefen ido. Ranar da na yi wannan gwajin jikina ya yi sanyi, domin yaron taku da yawa ya yi ban gan shi ko'ina ba.

Maganinsa waiwaye ne. Duba madubi, kunna sigina, sannan ka juya kai haɓarka ta nufi kafaɗa, ka dawo da ido gaba nan take, sai ka karkata. Ba tsayawa kallo za ka yi ba, domin a gudun kilomita 60 mashin yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda, kuma na gabanka zai iya taka birki a daidai lokacin. Shi ya sa ake barin tazara kafin a waiwaya. Ka kuma riƙe kan mashin da sassauci, don mai sabon hannu idan ya juya kai hagu sai hannun ma ya bi.

Mutane suna tuna waiwayen hagu su manta na dama. A ƙa'ida tunda a hannun dama muke tuƙi, ta hagu ake wuce mutum, amma ka san garin nan. Ɗan adaidaita ya hango fasinja, ko wani mai mashin yana sauri, ta damarka zai kutso tsakaninka da kwalbati. Duk lokacin da za ka shiga gidan mai, ko ka tsaya a bakin titi, ko ka fita daga shataletale, waiwaya dama. Kai ma kada ka zauna a gurbin wani. Idan kana gefen tirela ko tifa ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, to shi ma ba ya ganinka, ko ka wuce ko ka ja baya.

Wajen saitawa, sauke mashin daga sitan, ka zauna yadda kake zama in kana tuƙi. Ɗan gefen hannunka kawai ya kamata ya fito a ƙuryar gilashin, sauran duk titi. Idan fuskarka kake gani, ba madubin tuƙi ka saita ba. In ka ɗauki mutum ko ka ɗaure buhu, bayan mashin yana zama ƙasa, sai ka sake dubawa. Ranar Juma'a kuma ka tattare hannun babbar riga kan kafaɗa, iska tana buɗa ta ta rufe maka baya gaba ɗaya.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma sai na faɗa: ka yi hattara da wasu masu sayar da kayan mashin. Jabu a cikin kwalin na kamfani ya cika kasuwa, kuma za a rantse maka. Ni an taɓa yi mini, kwana kaɗan ƙwallon da ke bayan madubin ya saki, ko ramin kirki ban faɗa ba sai ya sunkuya yana kallon ƙasa. Kafin ka biya, fito da shi waje cikin haske, ka kalli turken wutar lantarki ko bakin ƙofa a ciki kana motsa shi a hankali. In layin ya riƙa lanƙwashewa kamar a cikin ruwa, ajiye masa kayansa. Ƙwanƙwasa fuskar da makulli ka ji ko gilashi ne ko roba. Juya kan madubin da hannu, ya kamata ya yi tauri.

Ka kuma tafi da karyayyen naka a aljihu. Kaurin bakin da ake murɗawa ba ɗaya ba ne, akwai na milimita 8, akwai na 10, sannan a mashinan Yamaha da dama na hannun dama baibai ake murɗa shi, don in ya bugi wani abu ya kwance maimakon ya karye. Mai shago da ya ce maka "ai duk ɗaya ne" ya ɗauko sifana zai tura da ƙarfi, riƙe hannunsa. In ya cinye haƙoran ramin, a yawancin mashinanmu ƙarfen da ke riƙe da hannun birki ko na kuloci ne ya lalace, shi ma sai ka saya.

Sayi biyu, hagu da dama, iri ɗaya, don kada ɗaya ya nuna maka mota kusa ɗayan ya nuna ta nesa. A ɗaura maka su a gabanka, ka tayar da inji ka murɗa totur kana kallon gilashin kafin ka ba da kuɗi. Allah ya tsare hanya.