Na kusa zare fitilar motata mai kunna kanta, ashe ba ita ke shanye batir ba

Shekara guda ke nan da na sayi Camry ƙirar 2012, tokunbo (wadda aka riga aka yi amfani da ita) daga Amurka, kuma ita ce motata ta farko da fitilunta ke kunna kansu. A Agege da ke Legas nake zaune, shagona yana Mile 12. Duk wanda ya san hanyar ya san rabin tafiyar a tsaye ake yin ta.

Abin da ke wannan aiki ɗan ƙarami ne, kamar maɓallin riga, a saman dashbod dab da gilashin gaba. Haske yake aunawa. In ka murɗa makunni zuwa AUTO, da magariba ta kawo jiki ko ka daɗe a ƙarƙashin gada, sai fitilun gaba da na baya su kama. Wata rana da azahar na cire hulata na ɗora ta a wurin, sai wani ɗan acaba ya ƙwanƙwasa mini gilashi: “Alhaji, wutarka a kunne.” Hular ce ta rufe idon, mota ta ɗauka dare ya yi. Masu shimfiɗa ƙyalle a dashbod su lura.

Damuwata ta faro ne daga bakin maigadin layinmu. Kullum na sauka na juya baya sai ya kira ni, “Alhaji, ka manta fitila.” Ba mantawa na yi ba. Motar kan bar ta daƙiƙa 30 bayan an rufe ƙofa don mutum ya ga gabansa, kuma a layin da ba wutar titi, ga kwata a buɗe, wannan ba ƙaramin taimako ba ne. In ina sauri na ƙara danna makulli a rimot, nan take ta mutu. Amma da na yi tafiyar kwana uku Kano na dawo na tarar ko ƙyas motar ba ta yi, maganar Baba maigadi ce ta fara faɗo mini a rai. Ga ta mai giyar otomatik, ba a tura ta ta tashi. Sai da maƙwabcina ya jona mini nasa batirin.

Washegari na je wurin rewaya, mai gyaran wutar mota, da niyyar ya zare abin gaba ɗaya. Allah ya saka masa da alheri, ya ƙi. Ya ce in zauna mu yi lissafi. Kowane ƙwan fitila wat 55 ne, biyu sun zama 110, wajen amfiya 9 (ma'aunin wutar da ake ja daga batir) ke nan. A daƙiƙa 30, abin da suke ja bai kai kashi ɗaya cikin 800 na batirina mai amfiya 62 ba. Sannan ya cire kan batir ya ratsa mitarsa tsakani, muka jira motar ta yi shiru. Lafiyayyar mota in tana ajiye ba ta cika wuce miliamfiya 50 ba (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya). Tawa 300 take ja. Ya riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har muka kama ɓarawon: na'urar bin sawun mota da na sa wani ya haɗa mini a arha, ya yi jonin a gurguje. A kwana uku ta shanye sama da amfiya 20, a batirin da zafin Legas ya riga ya gajiyar. Ƙari kuma gajeriyar tafiya cikin cunkoso, ga iyakwandishan, ga rediyo, ba ta ba altaneta, na'urar da ke cajin batir, damar mayar da abin da aka ci. Muka gyara jonin, na sayo sabon batir a kasuwar kayan mota ta Ladipo. Da safe kafin a tayar mita na nuna volt 12.6, inji na aiki kuma wajen 14.

Ba zan ce fitilar ba ta da inda take buƙatar kulawa ba. Lissafin daƙiƙa 30 ɗin sai an buɗe ƙofa an rufe yake farawa. Ka kashe inji a layin mai da daddare ka zauna ciki, fitila na nan na ci, kuma nan ne amfiya 9 ke yin ɓarna da gaske. Yanzu da na tsaya jira, da hannu nake kashewa. Haka lokacin ruwan Yuni da Yuli: a kan gadar Third Mainland ruwa kan sauko da rana har ka kasa ganin motar gabanka, amma idon nan yana ganin akwai sauran haske, sai ya ƙi kunnawa. Wannan ya fi maganar batir damuna, domin rai ne a ciki. Da na taɓa waifa, nake kunna fitila da kaina.

Ban da waɗannan biyun, makunnin yana kan AUTO dare da rana. A watan jiya na bar motar kwana tara a ƙofar gida, na dawo na murɗa makulli sau ɗaya ta tashi. Baba maigadi ma ya daina kirana; yanzu tsayawa yake da tocilarsa a kashe har in shige gida.