VRF a rauta ko a suwic: ina ya fi dacewa a ɗaure VLAN?

Malam, ka ce kuna da VLAN uku (ƙananan hanyoyin sadarwa da aka keɓe a cikin suwic) a ofis, 10 na ma'aikata, 20 na baƙi, 30 na kyamarorin tsaro, kana so kowanne ya zauna a VRF ɗinsa (keɓaɓɓen teburin hanyoyi), kuma kana tambaya ko a rauta za ka ɗaure su ko a suwic mai Layer 3, wato wanda ke iya aikin rauta.

Ka fara riƙe wannan: sunan VRF ba ya bin kebul. Abin da ke ratsa trunk, wato mahaɗar da ke ɗaukar VLAN da yawa a kebul ɗaya, lambar VLAN ce kawai, tambarin 802.1Q, daga 1 zuwa 4094. VRF kuwa teburin hanyoyi ne da ke zaune a cikin na'ura ɗaya. Ɗaurin yana faruwa ne a kafar (interface) da ke riƙe da adireshin ƙofar fita (gateway), don haka ainihin tambayar ita ce ina za ka ajiye ƙofar.

In a rauta ce, aikin ba yawa. Suwic ya tsaya a Layer 2, wato ba ya aikin rauta, ka ja trunk ɗaya, ka yanka kafar rauta gida uku. A Cisco, kowane yanki ka ba shi lambar VLAN ɗinsa da sunan VRF ɗinsa, misali na baƙi encapsulation dot1Q 20, sannan vrf forwarding BAKI, sannan adireshi. Matsalarsa ita ce duk abin da zai ƙetare daga wani VLAN zuwa wani sai ya hau kebul ɗin nan ya sauko. Kyamarori masu tura bidiyo dare da rana za su iya cika shi, in na'urar ajiye bidiyon tana wani VLAN daban.

In a suwic ce, sai ka buɗe interface Vlan20 ka sa shi a VRF. Gudu ya fi, domin suwic a cikin guntun lantarkinsa yake tura kaya. Amma a nan mutane ke tuntuɓe: tsakanin suwic da rauta kowane VRF na buƙatar nasa VLAN na mahaɗa, mai /30 ko /31 (ƙaramin rukunin adireshi na na'ura biyu), da tasa hanyar fita, ko ta hannu ko nasa OSPF (tsarin da na'urori ke sanar da juna hanyoyi da kansu). VRF uku, mahaɗa uku. Wannan shi ake kira VRF-lite. Ka kuma duba lasisin suwic ɗin tun kafin ka fara, ba kowanne ke buɗe VRF ba.

Wani tarko da ya shafi duka biyun: da zarar ka buga vrf forwarding, IOS, manhajar na'urorin Cisco, zai goge adireshin da ke kafar. In ta nan ka shiga daga nesa, ka rufe wa kanka ƙofa ke nan. Gwaji ma sai da ping vrf BAKI da show ip route vrf BAKI, domin ping zalla babban teburi yake dubawa, ba na VRF ba.

Ni a ofis irin naku rauta zan zaɓa, sai dai in na'urar ajiye bidiyon tana wani VLAN daban da kyamarorin. In haka ne, ka kai ƙofofin suwic, ka haɗa VLAN biyun a VRF ɗaya, tunda VRF guda na iya ɗaukar VLAN da yawa.