Wata huɗu ina ganin likitan damuwa a wani asibiti a Zariya

Na kusa shekara ina fama da faɗuwar gaba kafin in kai kaina wani asibiti mai zaman kansa a Sabon Gari. Abin yakan taso mini ba gaira ba dalili, sau da yawa a cikin Keke Napep a hanyar Samaru: zuciyata ta riƙa dukan uku-uku, tafin hannuna ya jiƙe da gumi, numfashi ya ƙi cika ƙirjina, har in sakankance cewa ajali ne ya zo. An yi mini ruƙiyya, na sha rubutu, wani mai kemis kuma ya ba ni Lexotan, wanda ba ya wuce ya kwantar da ni na 'yan sa'o'i.

Abin da ya fara gamsar da ni shi ne likitan bai yi gaggawar rubuta magani ba. Sai da ya sa aka auna hawan jinina, aka duba bugun zuciyata da na'ura, aka kuma ɗebi jini don a bincika aikin maƙoƙon wuya, domin idan ya wuce kima yakan kawo irin waɗannan alamu. Da sakamakon ya fito lafiya lau, ya karanta mini tambayoyi 7 na GAD-7, wato ma'aunin tsananin damuwa, da Hausa, duka a kan yadda na kwana na tashi cikin makonni 2 da suka gabata. Sannan ya ajiye alƙalami ya ce, "Malam, wannan ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne, ciwo ne mai magani." Bai hana ni addu'a ba, bai kuma raina malaman da na je wurinsu ba, abin da ya sa mahaifiyata, wadda ta raka ni tana ɗari-ɗari, ta saki jiki.

Ya ɗora ni a kan wani maganin damuwa mai suna sertraline, ya kuma gargaɗe ni cewa sai an yi makonni 4 zuwa 6 kafin a ga amfaninsa sosai, kuma kwanakin farko na iya zuwa da tashin zuciya, haka ma aka yi. Lexotan ɗin kuwa a hankali ya rage mini shi, saboda jiki yana sabawa da irinsa, yanke shi farat ɗaya kuma yana da haɗari.

Amma zama da masaniyar halayyar ɗan Adam, a tsarin da ake kira CBT, wato magani ta hanyar gyara tunani da ɗabi'a, shi ya fi yi mini amfani. Ta sa na riƙe ƙaramin littafi ina rubuta abin da ya ɗarsu a raina duk lokacin da gabana ya faɗi, mu zauna mu auna shi da abin da ya faru a zahiri. Daga baya ta sa na koma shiga Keke Napep da gangan, daga tasha ɗaya zuwa ta gaba, har jikina ya gane cewa tashin hankalin yana kaiwa ƙololuwa cikin mintuna kaɗan ya sauka da kansa.

Kokena biyu ne. Masaniyar ita kaɗai ce, don haka wani lokaci sai na jira makonni 3 kafin a ba ni rana. Na biyun ya fi ci mini rai: ma'aikacin kati yakan ƙwala kiran suna tare da sashen da mutum zai shiga a gaban kowa, a garin da da wuya ka zauna a benci ba ka ga wanda ya san gidanku ba. Na kai ƙorafi ga shugabar ma'aikatan jinya, ta saurare ni da mutunci, sai dai har zuwana na makon jiya ba a daina ba.